Ƙafar Bulama Gana

A shekarun da sojojin yaƙin Boma suka gama dawowa gida, akwai wani ma'aikacin duba-gari a En'en Haɗeja, wato hukumar gargajiya, ana ce masa Malam Bunu. Siririn mutum ne, mai ƙaramar murya da saurin fushi. Aikinsa leƙa randunan mutane da masai da kwatami, don haka ba gidan da ake murnar jin sallamarsa. Shi ma bai damu a yi murnar ba. Abu ɗaya ne ya tsana a duniya fiye da ƙazanta, shi ne kurkunu. Yana yaro ciwon ya kwantar da ubansa damina guda, gonarsu ta zama ciyawa, gwiwar tsohon kuma ta sandare har ya koma ga Allah bai sake durƙusawa a salla ba.

Da bazara ta kusa ƙarewa, Likita Bature ya kira shi ya ba shi wani babban hoto da aka buga a takarda. A jikinsa akwai ƙafar mutum da kurkunu yana fita, ga kuma mace tana tace ruwa da ƙyalle. Ya ce ya zaga ƙauyukan fadama na wajen Guri, ya nuna wa mutane cewa a ruwan tafki suke shan ciwon. Bunu ya naɗe hoton, ya ɗaure shi a bayan kekensa tare da ƙaramin baƙin allo da alli, ya kama hanya.

A wurin fito kwalekwalen ya karkata, keken ya zame cikin kogi. Kafin mai fito ya tsamo shi, hoton ya jiƙe ya dame kamar fura. Bunu ya zagi mai fito, ya zagi kwalekwalen, sannan ya ce a ransa ai ƙafa ba wani abu ba ce, kowa yana da ita, shi ma zai iya zanawa.

Ran kasuwar Kajiyari ya isa. Ya jingina allonsa a gindin tsamiya, mutane suka taru, aka kawo wa mai garin, Bulama Gana, buzunsa aka shimfiɗa masa a gaba. Bulama ƙaton mutum ne mai son a yi dariya in ya yi magana. Bunu ya ɗauki alli ya ja layi biyu a tsaye, ya lanƙwasa ƙasansu, ya jera 'yan dunƙule a bakin, ya fito da wani dogon zare daga gefe. Ya juyo ya fara bayani: yadda mai ciwo yake tsoma ƙafa a tafki don ya ji sanyi, yadda kurkunun yake zuba ƙwayayensa a ruwa, yadda wanda ya sha ba ya ganin komai sai wata damina.

Bulama ya ɗaga hannu. "Dakata, ɗan duba-gari. Wannan abin da ka zana, taɓarya ce ko muciya?"

Kasuwa ta fashe da dariya.

"Ƙafa ce, ranka ya daɗe."

"Ƙafa? To ta wace dabba? Kai Isa, ka daɗe kana farauta, ka taɓa ganin sawun wannan?"

Wani daga baya ya ce guga ne da igiyarsa. Wata mai fura ta yi dariya har ta dafa ƙwaryarta. Bunu ya ɗaga murya yana maganar ƙyalle da tace ruwa, ba mai saurarensa. Bulama ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya ce, "Yaro, kurkunu a jini yake, da shi aka haife mu, in ya ji ƙamshin damina ya tashi. Kakanninmu wannan tafki suka sha. Ka koma ka ce wa Baturenka mun gode da wasa."

Abin da ya fi ƙona wa Bunu rai shi ne, a cikin masu dariyar akwai waɗanda suke dogare da sanda, ƙafafunsu ɗaure da tsumma, ƙuda na binsu.

Da ya koma Haɗeja ya nemi wani hoton. Likita ko ɗago kai bai yi sosai ba. Ya ce guda ɗaya aka aiko, kuma shi Bunu ya jefa shi a ruwa. "Ba ka yi Midil ba? Ka zana da kanka."

A makarantar Midil an koya musu jan layi da rula da kwafar taswira, amma ba wanda ya taɓa ce musu su zana abin da ke gabansu. Bunu ya fita daga ofis yana huci. Ya bi ta wajen da ake ginin sabon ɗakin magani, ya roƙi magina takardun buhun siminti, ya kakkaɓe su, ya kai gida. Ya tsinci gawayin itacen da bai cika tauri ba a murhun matarsa, ya fere bakinsa da wuƙa, ya zauna a zaure ya miƙe ƙafarsa ya fara.

Ta farko ta fito kamar cokalin katako. Ta biyu kamar kifin da aka taka. Ya yaga, ya sake. Yatsun kullum sai su fito daidai wa daida kamar ƙwallayen goriba a jere. In ya gyara diddige, ƙwauri ya karkace. Ya yi jifa da gawayin har ya fashe a bango. Washegari da ya taso daga aiki ya sake zama. Haka ya yi ta yi, zauren ya cika da yagaggun takardu, goshinsa da rigarsa duk baƙi. In ya rufe ido, muryar Bulama yake ji tana tambayar taɓarya ce ko muciya.

Ana cikin haka ruwan farko ya sauka, sai ƙafar matarsa 'Yar'azumi ta fara kumbura. Bara ta je wankan jego gidan iyayenta a fadama, ta sha ruwan da suke sha. Bororo ya taso mata a saman idon sawu, yana ƙuna kamar an ɗora garwashi. Da ya fashe, farin kan kurkunun ya leƙo. Bunu ya wanke wurin, ya kama shi ya naɗa a tsinke, yadda ake yi, kullum a ɗan juya kaɗan don kada ya tsinke a ciki. Ya hana ta tsoma ƙafar ko'ina sai a cikin tsohuwar ƙwarya, ruwan kuma shi da kansa yake zubarwa a rami.

Wata safiya, bayan ya gama juya tsinken, sai ya tsaya yana kallon ƙafar. Ya tashi ya ɗauko takarda da gawayi.

"Malam, me za ka yi?"

"Kada ki motsa."

"Ina cikin wannan azaba, kai kuma hoto za ka yi da ni? Don Allah ka ji tsoron Allah!"

"Na ce kada ki motsa, 'Yar'azumi."

Ta kau da kai tana hawaye, shi kuma ya duƙufa. Da ya gama ya nuna mata. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Wannan ba ƙafata ba ce. Tun da ka zauna takardarka kake kallo. Da ka sani ka zauna a zaurenka ka ƙyale ni."

Gaskiya ta faɗa. Ƙafar da ke cikin kansa yake ta zanawa, irin wadda yaro yake ja a ƙasa da tsinke. Ya juya bayan takardar. Wannan karon ya tilasta wa idonsa ya tsaya a kan naman, hannunsa ya bi a hankali. Nan ya fara ganin abubuwan da bai taɓa lura da su ba duk tsawon rayuwarsa. Idon sawu na ciki yana sama da na waje. Tafin ƙafa ba a shimfiɗe yake ba, yana da rami a gefe ɗaya. Yatsu ba dunƙule ba ne, kowanne da gaɓarsa da inda ya karkata, ƙaramin ma kusan a ɓoye yake a ƙarƙashin ɗan'uwansa. Kumburi kuma ba a zana shi da layi. Ya gano haka ne da kuskure, lokacin da babban yatsansa ya goge gawayin, wurin ya yi duhu-duhu, sai ga fatar ta tashi tana sheƙi kamar ta gaske.

Zanen bai yi kyau ba, amma kowa ya gani zai ce ƙafa ce.

Daga ranar ya zama abin magana a gari. Sai ya je layin masu jiran magani a asibiti ya tsuguna a gaban mutum yana zana ƙafarsa. Ya je bakin kogi inda masunta suke fitowa da gorunansu, ya zana ƙafafunsu masu faɗi da faso. Ya zana na 'yan dako a kasuwa, ya zana na kutare a ƙofar masallaci. Wasu su bari, wasu su janye ƙafa su ce yana neman ɗaukar sawunsu ne ya yi musu sammu. Aka laƙaba masa suna Malam Ƙafa. Wani abokin aikinsa ya ja shi gefe ya ce masa zanen abu mai rai ba kyau. Bunu ya ce, "Ka ga kai a jikinta? In ka ga na sa mata kai, ka zo ka yi mini wa'azi."

Ya koyi auna tsawon tafi da tsawon ƙwauri ta hanyar miƙa gawayin a gaban idonsa. Ya koyi fara ja da sauƙi, sai ya tabbata sannan ya danna. Ya koyi barin farin takarda a inda haske ya faɗa. Duk da haka mafi yawan abin da ya zana yagawa yake yi, kuma ko sau ɗaya 'Yar'azumi ba ta ga ya yi murmushi a kan aikin ba. Cikin fushi yake zama, cikin fushi yake tashi.

Damina ta yi tsakiya, kogi ya cika ya malala cikin fadama, lokacin da aka sake tura shi wajen Guri. Wannan karon a cikin gwangwani ya naɗe takardunsa, ya toshe bakin da kakin zuma. Ya isa Kajiyari ana gobe kasuwa. Abin da ya gani a hanya ya ƙara hura masa wuta: gonakin shinkafa ciyawa ta cinye su, a ƙofar gida bayan gida ga magidanta a kwance, ƙafa a miƙe, tsinke a liƙe. Ya kuma ji labarin cewa tun rani En'e ta ce za ta turo masu haƙa rijiya in gari zai ba da mutanen taya aiki, Bulama ya ce ba shi da mutanen da zai ba wa aikin banza.

Ya je gaishe shi. Aka bar shi tsaye a rana har inuwarsa ta dawo ƙarƙashinsa, sannan aka ce ya shiga. Bulama yana kishingiɗe a zaure, an lulluɓe masa ƙafafu da bargo duk da zafin da ake yi. Fadawansa suka ce ɗan zazzaɓi ne.

Bulama ya ce, "A'a, mai taɓarya ne! Yau kuma me ka kawo mana? Turmin?"

Fadawa suka yi dariyar da aka saba. Bulama ya motsa zai gyara zama, sai ya cije leɓe, bargon ya zame. Ƙafar dama ta fito fili. Ta kumbura har ta yi kamar salka, kurkunu ya huda ta a wuri fiye da ɗaya. Babban yatsan rabi ne, tun yana saurayi gatari ya sare masa shi, duk garin an san haka. A yatsa na kusa da shi kuma ga zoben baƙin ƙarfe, wanda wani boka ya ba shi maganin kurkunu, wanda ya daɗe yana yi wa mutane alfahari da shi.

Wani bafade ya yi sauri zai ja bargon, Bulama ya daka masa tsawa saboda zafin taɓawa. Ya ci gaba da zuba wa Bunu baƙar magana, cewa 'yan boko ba su san komai ba sai leƙa tukunyar matan mutane. Bunu yana durƙushe, kansa a ƙasa kamar mai ladabi, yana ta "Ranka ya daɗe, haka ne." Ba ladabi yake yi ba. Idonsa yana kan ƙafar, yana auna ta, yana haddace ta tun daga diddige har guntun yatsan.

Yana fita ya wuce masaukinsa, ya baje takarda mafi girma da yake da ita. Akwai zanen ƙafar wani ɗan dako da ya zo da shi, wanda ya isa a yi bayani da shi. Ya dube shi, ya ture shi gefe. Hannunsa bai taɓa yi masa biyayya kamar wannan rana ba. Kafin la'asar ta yi sanyi ya gama.

Washegari da kasuwa ta cika ya kafe takardar a jikin tsamiya da ƙayoyi. Mutane suka matso da shirin dariya, sai suka yi tsit. Wata mata ta ja da baya tana salati. Wani tsoho ya kai hannu zai kore ƙudan da Bunu ya zana a bakin gyambon. Bunu ya ji ƙirjinsa ya buɗe, ya gyara murya zai fara.

Sai Isa maharbi ya ce, "Kai! Ku dubi yatsan nan. Wallahi ƙafar Bulama ce!"

"Ga zoben ma!"

"Ashe zazzaɓin ke nan!"

Dariya ta tashi, ta fi ta wancan karon nesa ba kusa ba. Masu awo suka bar buhunansu, mahauta suka taho da wuƙaƙe a hannu, ana ture juna don a ga zoben da ya kasa. Bunu ya tsaya yana jin daɗin abin har cikin ƙashinsa. Da ya ga ya isa, ya ɗaga ƙyalle da tulu yana kiran a saurara a ga yadda ake tacewa. 'Yan mata biyu ko uku ne kawai suka juyo. Sauran suna can suna kwaikwayon tafiyar Bulama. Ba a jima ba babban ɗan Bulama ya ratso taron da sanda, fuskarsa a murtuke. Bunu ya cire takardarsa ya naɗe kafin ya iso.

Ƙara ta riga shi isa wurin hakimi, daga can ta wuce Haɗeja. Aka kira shi gaban shugabannin En'e. Aka ce an aike shi koyar da tsabta, ya je ya tona asirin dattijo mai riƙe da gari a tsakiyar kasuwa. Ya ce, "Rabin garin a kwance suke, ya hana a haƙa rijiya." Aka ce ba wannan aka tambaye shi ba. Likita ya karɓi zanen ya duba, ya ce aiki ne mai kyau ƙwarai, amma shi ba ya shiga maganar sarakuna. Hukunci ya fito: a mai da shi Kaugama duba mahauta, kuma kafin ya tafi ya koma Kajiyari ya ba da haƙuri, ya ƙona takardar a gaban mai ƙafar.

Da ya gaya wa 'Yar'azumi, wadda a lokacin ta fara takawa da sanda, sai ta ce, "Kana da ƙafafu cike da gwangwani, Malam. Me ya sa sai tasa?"

"Don ita na koya," in ji shi.

Aka haɗa shi da ɗan sandan En'e suka tafi. Bulama ya rame, idanunsa sun faɗa. Ɗaya daga cikin kurkunun ya tsinke a ciki, ƙafar ta ruɓe har gwiwa, zauren yana wari. Zoben babu shi. Bunu ya durƙusa ya faɗi kalmomin da aka ce ya faɗa, muryarsa a bushe. Aka kawo kaskon wuta.

"Tsaya," in ji Bulama. "Kowa a garin nan ya gani ban da ni. Buɗe."

Bunu ya warware takardar ya riƙe ta a gabansa. Bulama ya daɗe yana kallo. Ya dubi ƙafarsa, ya sake duban takardar.

"Haka mutane suke ganinta?"

"Haka take a lokacin, ranka ya daɗe. Yanzu ta fi haka."

Ɗan sandan ya zungure shi da gwiwa. Bulama ya lumshe ido, ya ce, "Ba ka da kunya, ba ka da tarbiyya, kuma ba za ka gama da duniya lafiya ba. Sa ta a wuta."

Bunu ya sa. Takardar siminti ba ta saurin ci, sai da ya riƙa tura ta da yatsa, tana naɗewa tana hayaƙi, har ta ƙone ƙurmus. Ya miƙe ya fita ba tare da ya jira an sallame shi ba.

Bulama Gana bai sake taka wannan ƙafa ba, ɗansa ne ya ci gaba da riƙon gari. An daɗe ba a bar wani ɗan duba-gari ya buɗe baki a kasuwar Kajiyari ba, kuma rijiyar sai bayan shekaru aka haƙa ta. An ce akwai gidaje kaɗan da matansu suka riƙa ɗaura ƙyalle a bakin tulu, amma ba wanda zai iya cewa daga ina suka koya.

Bunu kuwa ya kwashe iyalinsa ya koma Kaugama tun kafin a girbe gero. Mahautan can sun ji labarinsa, don haka ranar da ya fara aiki duk suka zo da takalma. Sarkin fawa ya tare shi da fara'a, ya ce yana fata za a zauna lafiya. Bunu ya wuce wurin nama. Ya sa aka juya masa hantar saniyar da aka yanka, ya tsaga ta, ya ga tsutsa a ciki, ya ce ba za a sayar ba. Ana ta yi masa magiya, shi kuma ya jawo kututture ya zauna, ya ɗora hantar a kan ganye, ya zaro gawayi daga aljihu.